Kunne Ya Girmi Baki

A cikin jakar da nake adana takardun haihuwar 'ya'yana akwai wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango, wanda gefensa ya nannaɗe saboda yawan buɗewa. Kalma ɗaya ce tak a shafinsa na farko, wato "bai", a gabanta kuma na rubuta cewa mai furta ta yana da wata 21 da kwana 9 a duniya. Mai karatu zai zaci "bai" ɗin nan ta korewa ce, irin ta "bai zo ba", alhali "bari" ɗana yake nufi, harshensa ne bai kai ga kaɗa "r" ba tukuna. Wata tara na yi ina jiran kalmarsa ta farko, ina kasa kunne dare da rana, da ta tashi zuwa kuwa sai ta zo mini da murna da kunya a cuɗe, har yau ban iya raba su ba.

Ni malamar makarantar firamare ce, magana ita ce sana'ata, kuma 'yata ta fari ta sangarta ni ta wannan fanni. Tana wata 11 ta ce "Mama" tana miƙo mini hannu, kafin ta cika shekara 2 kuwa ta iya kawo ƙarar duk wanda ya taɓa ta, da sunansa da abin da ya yi mata. Ban taɓa zama na koya mata komai ba, saboda haka na ɗauka magana kamar haƙori take, idan lokacinta ya yi za ta tsiro ko an so ko an ƙi. Da wannan tunani na karɓi ƙanenta, wanda aka haifa tana da shekara 3.

Da farko yaron bai ba ni dalilin sauya tunani ba. Yana wata 2 ya fara jan 'yan sautukan nan na "aa" da "uu" idan an leƙa fuskarsa, yana wata 7 kuma gwaranci ya kankama, tun asuba za a ji shi yana "bababa" da "dadada" shi kaɗai a shimfiɗa. Mahaifinsa ya riƙa bugun ƙirji wai shi aka fara kira, ni kuwa na bar shi da murnarsa. Daga baya ne na ci karo da bayanin da masanin harshe Roman Jakobson ya yi a 1960 game da dalilin da ya sa sunayen uwa da uba suke kama da juna a harsunan da ba su haɗa komai ba. Sautukan leɓe irin su "m" da "b" da "p", idan aka bi su da buɗe baki a "a", su ne mafi sauƙi ga jariri, har ma ya danganta "m" ɗin "mama" da ɗan gunjin hanci da jariri kan yi bakinsa na kan nono. Ashe iyaye ne suke jin gwaranci su ce da su ake. Sauti ba ya zama kalma sai yaro ya riƙa maimaita shi da gangan a kan abu guda, kuma wannan matakin ne nawa ɗan ya tsaya a bakinsa ya ƙi shiga.

Wajen wata na 11 mura ta sa shi a gaba. Wannan ta tafi, waccan ta zo, hancinsa bai cika mako uku a bushe ba. Ban lura da ranar da gwarancin ya fara ja da baya ba, domin abin da ke raguwa a hankali ba ya yin ƙara. Ya cika shekara ba kalma, ya miƙe da ƙafafunsa yana wata 13 muka yi ta murna, muka mance da batun baki. Sai da ya kai wata 16 na farga cewa gidan ya yi shiru ta ɓangarensa, kuma duk abin da ke fitowa daga bakinsa bai wuce "uh" ba, wanda yake rakawa da yatsa. Da "uh" yake neman ruwa, da ita yake neman a buɗe ƙofa, da ita yake ƙin abin da ba ya so, bambancin kawai a tsawo ne da ƙarfi.

Na kai kukana wurin mahaifiyata, ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, nauyin baki ne kawai. Namiji ne, kuma yayanki ma sai da ya haura shekara 2 kafin a ji bakinsa, ga shi yau ba a iya tsayar da shi." Ba zan ce ta yi kuskure ba, domin jinkirin magana ya fi yawa a 'ya'ya maza, yakan bi jini, kuma da yawa daga yaran da suka makara sukan cim ma sa'o'insu ba tare da an yi musu komai ba. Matsalar wannan lallashi ita ce, ba ya gaya wa uwa ko ɗanta yana cikin masu cim ma sa'o'in nasu ne ko yana cikin sauran. Ni kuwa na rungume shi hannu biyu, saboda shi nake so in ji.

Akwai kuma abin da ya fito daga gare ni, wanda na daɗe ban yarda in dube shi ba. Ina wuni a gaban aji ina ɗaga murya, ina komawa gida maƙogwarona a bushe, ba abin da nake bukata kamar shiru. Yaron da ba ya magana, Allah ya yafe mini, hutu ne ga irin wannan uwa. Na san bukatunsa tun kafin ya nuna su, ina miƙa masa kofi tun bai kai ga ɗaga yatsa ba, idan kuma ya matsa mini ina cikin aiki sai in kunna masa katun a waya in jingina masa ita. Abin da na rage, yayarsa ta ƙarasa. Ta naɗa kanta tafinta, da ya ce "uh" za ta ce, "Mama, cewa ya yi takalminsa yake so," kuma sau tara cikin goma gaskiyarta ne. Yaro yana zaune tsakanin mata biyu masu karanta zuciyarsa, me zai kai shi wahalar motsa harshe?

Yana wata 19 wata baƙuwa ta zo gidanmu, ta yi masa wasa bai kula ta ba, sai ta dube ni ta ce, "Anya yaron nan yana ji kuwa?" Na amsa mata da fara'a, amma raina ya ɓaci ƙwarai, na kwana ina mayar mata da martani a zuci. Washegari da yamma, yana zaune a ƙasa ya ba ni baya yana tura motarsa ta roba, na tsaya a bakin ƙofa na kira sunansa da muryar da nake hira da ita. Bai juyo ba. Na sake kira, na ga ƙeyarsa ko motsi ba ta yi ba, motar tana ta kai da komo. Na koma ɗakin girki jikina a sanyaye, na ɗauko cokali da murfin tukunya na buga, nan take ya zabura ya waiwayo, har ya yi dariya. Mahaifinsa, wanda ya ga duk abin da ya faru, ya ce, "Kin gani ko? Wasa ne ya ɗauke masa hankali, amma kunnensa garau yake." Na yarda, domin a lokacin ji a wurina abu biyu ne kawai, ko mutum yana ji ko kurma ne, ban san akwai fili mai faɗi a tsakani ba.

Ranar da kalmar ta zo ba wanda ya shirya mata. Ina ninke kayan wanki a bakin gado, su biyu suna ƙasa, sai yayarsa ta miƙa hannu ta ɗauke motar nan tasa. Ya miƙe tsaye, ya haɗe gira, ya ɗaga ɗan yatsansa ya nuna ta, ya ce da ƙarfi, "Bai!" Ta saki motar don mamaki. Ni kuma rigar da ke hannuna ta faɗi, na ce mata, "Sake ɗauka mu gani." Ta sake ɗauka, ya sake cewa "Bai!" da yatsan nan a tsaye. Na sure shi na yi ta juyi da shi a tsakar ɗaki ina hamdala, na kira mahaifinsa a waya, na kira mahaifiyata, na nemo littafin nan na rubuta.

Sai da dare ya raba, kowa ya yi barci, abin ya dawo mini ta wata fuska. Haɗe girar nan tawa ce, yatsan nan nawa ne, har karin muryar nawa ne. Na tambayi kaina me ya sa, cikin dukan kalmomin da ke yawo a gidan nan, wannan ce ta fara samun hanyar shiga kansa. Da gari ya waye na ƙudura zan ƙirga sau nawa nake cewa "bari", kafin la'asar na wuce 30 na daina ƙirgawa. Bari wannan, bari taɓa wuta, bari hawa kujera. Amma ba yawan kaɗai ba ne. Na lura cewa "bari" ita ce kalma ɗaya tilo da nake faɗa masa da ƙarfi, a kusa, fuskata tana kallon tasa, hannuna kuma yana kan abin da nake nufi. Sauran maganganuna duka daga nesa nake jefo su, a gajiye, sau da yawa na ba shi baya. Idan wadda ake ɗaga murya a kanta ce kaɗai ta isa gare shi, to ina sauran suke maƙalewa? Tambayar baƙuwar nan ta dawo, wannan karon ba tare da fushi ba, kuma a cikin makon muka tafi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Likitan ya leƙa kunnuwan da 'yar fitilarsa, sannan ya sa masa wata na'ura mai bakin roba mai laushi, wadda take hura 'yar iska ta auna yadda dodon kunne yake motsi. Ya nuna mini cewa a lafiyayyen kunne zanen da na'urar ke fitarwa yakan tashi kamar tudu, na ɗana kuwa layi ne a shimfiɗe, dama da hagu. Ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnen. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci, aikinta shigar da iska da tsiyayar da ruwa, a jikin ƙananan yara kuma gajera ce, kusan a kwance take, shi ya sa mura kan toshe ta cikin sauƙi. Na ce masa ai yaron bai taɓa kuka da kunne ba, ba zazzaɓi, ba ruwa yana fita. Ya ce, "Abin da ya sa yake wuce iyaye ke nan, Malama, sau da yawa ba ya ciwo. Toshe kunnuwanki da yatsu ki saurare ni." Na toshe, ya ci gaba da magana da muryarsa ta kullum. Ina jin tashin murya da saukarta, ina jin wasula, amma "s" da "sh" da "f" duk sun narke, kalmomin sun manne da juna kamar ana magana a ɗaki na uku. Da na cire yatsuna ya ce, "Ƙarar murfin tukunya za ta ratsa wannan, hira ce ba za ta ratsa da kyau ba." Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da na ji shi a haɓata.

Bai rubuta mana wani magani mai yawa ba. Ya ce irin wannan ruwa yakan janye da kansa cikin wata 3 a wurin yawancin yara, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya cika amfani a kansa, idan kuma ya ƙi tafiya yana tauye ji, akwai ƙaramin aiki da ake yi a sa ɗan bututu a dodon kunne don iska ta shiga. Ya kuma ja mini kunne kada in ɗora wa ruwan nan laifin duka, domin yara da yawa suna samunsa su yi magana a kan lokaci. Ya yi mini tambayoyin da a lokacin ban ga haɗinsu da baki ba: ko yaron yana nuna mini abu don kawai in gani, ba don in ba shi ba, ko yana kallon idona, ko yana kara wani abu a kunne ya yi kamar yana waya. Duk na ce yana yi, ya ce waɗannan alamu ne masu kyau, domin suna nuna yaro yana son isar da abin da ke ransa. Ma'aunin da aka saba dubawa, in ji shi, shi ne yaro ɗan shekara 2 ya kasance yana da kalmomi kamar 50 kuma ya fara haɗa biyu. Ɗana saura wata 3 ya cika shekara 2, kalmarsa ɗaya. Ya tura mu wurin wata ƙwararriya kan matsalolin magana.

Na shiga wurinta ina zaton za ta buɗe bakin yaro ta duba harshe, sai ta zube kayan wasa a ƙasa ta ce in zauna in yi wasa da ɗana kamar yadda na saba, ita kuma ta koma gefe da takarda. Na zage na nuna ƙwarewata. Na ɗaga mota na ce, "Mene ne wannan? Ce mota. Mo-ta. Wane launi ne? Ina tayar? Ce taya." Yaron ya dube ni, ya dubi motar, ya juya ya ɗauki wani abu daban, na bi shi da wata sabuwar tambayar. Bayan minti 10 ta tsayar da ni, ta ce cikin murmushi, "Malama, jarrabawa kike yi masa, kuma ba kya ba shi lokacin amsawa." Ta nuna mini takardar, ta yi ɗan layi a kan kowace tambaya da na yi, layukan sun cika rabin shafi, wuraren da na yi shiru na jira shi kuwa ko ɗaya babu. Shekaruna nawa ina koyarwa, ba mai duba malamai da ya taɓa kunyata ni kamar yadda wannan 'yar takarda ta yi.

Abin da ta koya mini ba shi da wuyar faɗa. In sauko daidai tsayinsa yadda zai ga bakina, in bar shi ya zaɓi abin da hankalinsa ya kai, in ambaci sunan abin a gajarce ba tare da na ce ya maimaita ba, sannan in rufe bakina in ƙirga goma a zuci ina kallonsa kamar mai jiran amsa. Idan ya yi kowane irin sauti in karɓa a matsayin magana, idan ya faɗi kalma ɗaya in mayar masa da ita da ƙarin ɗaya, ya ce "mota" in ce "mota ta tafi". Ƙirga goman nan ita ta fi ba ni wahala. A ranakun farko ina kai huɗu bakina ya kubce. Game da waya kuwa ba ta yi mini wa'azi ba, ta dai gaya mini cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ta ba ni labarin gwajin da Patricia Kuhl da abokan aikinta suka wallafa a 2003 a Amurka, inda aka kawo jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci kaɗai ake yi, aka yi musu zama 12 da harshen Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu yana yi musu magana sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo ko aka kunna musu muryarsu kawai ba su koyi komai ba. Na tuna awowin da na jingina masa waya ina gaya wa kaina ai yana jin magana.

A waɗannan makonni na zama mai karatun dare, kuma ba duk abin da na karanta ne ya kwantar mini da hankali ba. Na karanta cewa ɗan tayi yana fara jin sauti tun wajen wata na 6 a ciki, kuma wani bincike na 1980 ya nuna jariran da ba su wuce kwana 3 ba suna sauya yadda suke tsotso don a kunna musu muryar uwarsu maimakon ta wata mace. Ana cewa kunne ya girmi kaka, ni kuwa a nan na gane ya girmi baki da nisa. Sai kuma na ci karo da aikin Janet Werker a Kanada, wanda aka wallafa a 1984, da ya nuna jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambance wasu sautukan harshen Hindi da iyayensu masu Turanci ba sa iya bambancewa, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina, kunnensu ya karkata ga harshen gida. Nan tsoro ya kama ni. Harshenmu cike yake da irin waɗannan tagwayen sautuka, "kafa" da "ƙafa", "bata" da "ɓata", waɗanda baƙo babba kan shekara yana fama da su. Idan a daidai lokacin da kunne ke tantance su ne ruwa ya rufe nasa fa? Ƙwararriyar ta tuna mini cewa yaron ya yi kusan shekara yana ji garau kafin murar ta fara, kuma ruwan yana zuwa ne yana tafiya, ba kulle ƙofa ya yi ba. Ta ce in rage karatu in ƙara wasa.

Dole in yi wa mahaifiyata adalci a nan. Ita da ta ce in kwantar da hankalina, ita ce ta fi kowa iya abin da aka koya mini da takarda. Da ta zo ta yi mana kwanaki na zauna ina kallonta da jikanta. Ba ta taɓa ce masa "ce kaza" ba. Tana aikinta tana ba shi labarin abin da hannunta ke yi, idan ya ce "uh" sai ta tsaya ta dube shi ta ce, "Haka aka yi? To, sai kuma me ya faru?" ta kuma jira shi da gaske, kamar mai sauraron babban mutum. Na ce mata, "Mama, a ina kika koyi wannan?" Ta ce, "Wane abu?" Yayarsa ce ta fi shan wuya da sabon tsarin, domin an sauke ta daga muƙamin tafinta. Na roƙe ta ta riƙa ƙirga goma tare da ni, sai ta riƙa ƙirgawa a fili da sauri, tana kaiwa goma ta faɗi abin da yake so.

Ranar da ya cika shekara 2 kalmomi 14 ne a littafin. Da muka koma asibiti kunnen dama ya washe, na hagu ya biyo baya bayan wasu makonni, ba a kai ga yin aiki ba. Ba zan iya rantsuwa a kan wanne ne ya buɗe bakin ba, janyewar ruwan ne, ko sauyin da muka yi a gida, ko kuwa lokacinsa ne ya yi kamar yadda kakarsa ta faɗa tun farko. Abin da na sani shi ne, yana wata 27 muka haura 50, daga nan kuma abin ya zama kamar an fasa madatsa. Ruwa "yuwa" ne, ƙofa "kofa", "wata" kuma sunan duk wani abu mai haske ne, daga fitilar ɗaki har ta mota. Duk namiji mai gemu "Baba" ne, abin da ya sa na sha sunkuyar da kai a gaban baƙi. Jimlarsa ta farko "Baba tafi" ce, ya faɗe ta yana tsaye a bakin taga, bakinsa a turɓune.

Tsoron da karatun dare ya dasa mini kuwa tsuntsu ne ya cire shi. Yaron ba ya iya furta "ts", saboda haka idan ya ga tsuntsu sai ya nuna sama ya yi ihu, "Tutu!" Kowa ya san abin da wannan kalma take nufi a bakin yara, yayarsa takan faɗi ƙasa don dariya. Wata rana na biye masa na ce, "Eh, ga tutu can." Ya juyo ya harare ni ya ce, "A'a! Tutu!" Na ce, "Tutu?" Ya buga ƙafa. Na ce, "Tsuntsu?" Sai ya saki fuska ya ce, "Eh, tutu." Ashe kunnensa ya riƙe kalmar daidai, har ba ya yarda a ɓata masa ita, harshen ne kawai bai iso ba.

Kurakuransa na bayan nan sun fi kalmomin farko burge ni, watakila saboda aikina. Ya daɗe yana cewa "ɗauke ka" idan yana so a ɗauke shi, domin abin da yake ji ke nan daga bakina, "In ɗauke ka?" Kowa a wurinsa "ka" ne, ni ma "Mama, ka zo" yake ce mini, kamar yadda kowa yake ce masa. Da ya gano mota tana zama motoci, taga tana zama tagogi, sai ya bi riga ya mai da ita "rigogi", yaro kuma "yarori". Ba wanda ya taɓa faɗin "yarori" a gabansa, shi ya ƙera abarsa daga ƙa'idar da ya tsinta da kansa, kuma na ga ɗalibaina 'yan aji huɗu da ba za su iya bayyana wannan ƙa'ida ba ko da an ba su mako. Ban gyara masa kai tsaye ba, nakan ce, "Eh, yara suna wasa," in wuce. Littafin ya tsaya ne a shafi na 12, ba don na yanke shawarar dainawa ba, sai don ya riƙa kawo kalmomin da ban san inda ya samo su ba, kuma kafin in nemo alƙalami ya kawo wasu.

Yanzu yana da shekara 4, kuma akwai ɗabi'a ɗaya da na kasa yarwa. Duk lokacin da mura ta kama shi, nakan bari sai ya ba ni baya hankalinsa ya tafi kan wasa, in laɓe a bakin ƙofa in kira sunansa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa gaya wa kowa ina yi ba. A makon jiya hancinsa ya toshe, yana zaune yana gina wani abu da kwalaye, na tsaya a inda na saba tsayawa na yi raɗa. Bai juyo ba. Na sake yi, ƙirjina ya fara bugawa, na ɗaga ƙafa zan matsa kusa. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai daga kwalayensa ba, "Mama, na ji ki tun ɗazu. Ki bari in gama."